Tauraron da Ke Tafiya Tsakanin Magariba da Lisha

Duk wanda ya saba zama a tsakar gida bayan an idar da sallar Magariba a ƙasar Funtuwa ko ta Malumfashi, musamman a watannin kaka, lokacin da damina ta ɗauke, hazo kuma bai kai ga sauka ba, da wuya a ce bai taɓa ganin wani ɗigon haske yana ratsa taurari ba. Ba ya ƙyaftawa, ba shi da ƙara, ba shi kuma da gaggawar tauraron nan da kan tsinke ya ɓace kafin ka nuna wa na kusa da kai. Tafiya yake yi cikin natsuwa, kamar mai zuwa unguwar da ya sani, ya yi minti uku ko huɗu yana keta sama, sa'an nan ya dushe, sau da yawa tun bai kai gindin sama ba.

Muna yara gasa muke yi a kansa, kowa na son ya riga ganinsa. Yanzu kuwa, a ƙauyuka da yawa na kudancin Katsina, faɗuwar gaba yake jawowa. Shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga a dazuzzukan Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara sun koya wa mutane cewa sama ma tana da nata baƙin, wato jiragen yaƙi da jirage marasa matuƙa. Bayan abin da ya auku a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi a Jihar Kaduna, daren 3 ga Disamba, 2023, inda jirgin soja marar matuƙi ya saki bam a kan masu taron Maulidi, ba wanda zai ga laifin uwar da ta hangi haske yana tafiya a sama ta tattara 'ya'yanta ta shige ɗaki. Na ga an watse daga gindin injin casar masara, an bar buhuna a warwatse, saboda wucewar Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da ISS. Tana can sama da kilomita 400 a bisa kanmu, mutanen cikinta ba su ma san da mu ba.

Rarrabe wannan da wancan ba ya bukatar karatun jami'a ko na'ura mai tsada. Ido yake bukata, da agogo, da littafin rubutu, da ɗan haƙuri. Wanda ya ɗan ƙara himma kuma zai wuce rarrabewa kawai, ya kai ga auna tsawon abin da yake gani, ya faɗi lokacin da zai dawo gobe.

Tauraron ɗan Adam ba shi da fitilar da muke gani. Hasken rana ne ke dukansa ya dawo mana, kamar yadda wata yake yi. Lura da yamma: rana takan faɗi, tsakar gida ta yi duhu, amma kan dogon rimi ko ƙololuwar ƙarfen sabis ta ci gaba da ɗaukar haske na ɗan lokaci. Abin da ke nisan ɗaruruwan kilomita a sama shi ne rimin da ya fi kowane tsawo. Sharaɗin ganinsa biyu ne a lokaci guda: kai kana cikin duhu, shi yana cikin rana. Shi ya sa ba a ganinsa da tsakar rana, ba a ganinsa da tsakar dare. Shi ya sa kuma yakan dushe a tsakiyar tafiya, wani lokaci har ya ɗan yi ja kafin ya ɓace. Inuwar duniya ya shiga, jan kuwa faɗuwar ranarsa ce muke kallo daga ƙasa.

Lissafin nan yana da daɗi ga mai tsayar da salla. Abin da ke tsawon kilomita 420, idan yana saitin kanka, yana cikin haske har sai rana ta nutse kimanin digiri 20 ƙarƙashin gindin sama. Funtuwa tana wajen digiri 11 da rabi arewa da tsakiyar duniya, Malumfashi ta ɗan ɗara ta kaɗan, a nan kuma rana kusan a tsaye take nutsewa, digiri 14 zuwa 15 a kowace awa. Ke nan awa ɗaya da kimanin minti ashirin muke da su bayan faɗuwar rana. Masu lissafin jadawalin salla sukan sa Lisha a digiri 17 ko 18. Saboda haka tashar ISS baƙuwar tsakanin Magariba da Lisha ce, in ta makara ƙwarai ta riski masu fitowa daga masallaci. Waɗanda suka fi ta tsawo, irin na kilomita 800, sukan ƙara rabin awa a kan haka. Da asuba abin yakan juya: daga gab da kiran assalatu har gari ya fara wayewa. A Ingila da Jamus, lokacin zafinsu, rana ba ta yin nisa a ƙasa, har sukan kwana suna kallon taurarin ɗan Adam. Mu ba mu da wannan daren ko sau ɗaya a shekara, kuma rashinsa yana da amfani: haske mai ƙarfi da ke tafiya a samanmu ƙarfe sha biyu ko ɗaya na dare ba tauraron ɗan Adam ba ne.

Sauran alamomin gajeru ne. Jirgin fasinja yana da fitila ja da koriya da fara mai walƙiya a kai a kai. Tauraron ɗan Adam ba ya tsayawa, ba ya karya kwana, ba ya kewaya gari ya dawo, ba a jin ƙararsa ko da an kashe duk janaretocin unguwa. Mafi yawansu daga ɓangaren yamma suke nufar ɓangaren gabas, ko su bi tsakanin kudu da arewa. Sai dai ba zan yaudari mai karatu ba: wannan sani yana gaya maka abin da ka gani ne kawai, ba ya ba ka labarin abin da ba ka gani ba. Jirgi marar matuƙi yana iya yawo ba fitila. Iyakar ribar ita ce a daina gudu saboda abin da ba ya cutarwa, ribar kuwa ba ƙarama ba ce ga mai hawan jini ko mai tsohon ciki.

Akwai kuma jerin gwanon nan da kan tayar da hankali fiye da kowane, fitilu ashirin ko fiye a layi ɗaya kamar ayarin fatake. Taurarin Starlink ne sabbin harbawa, kafin su rarrabu su hau matsayinsu. An harba rukunin farko na guda 60 a watan Mayun 2019, kamfanin kuma ya fara sayar da intanet a Nijeriya a watan Janairun 2023. Ganinsu a jere yana nufin ba su fi 'yan kwanaki da barin ƙasa ba.

Ma'aunin farko yana jikinka. Miƙe hannu iyakar tsawonsa ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen ya rufe kimanin digiri 10 na sama, ga babba ga yaro, domin mai ƙaramin hannu gajeren damtse gare shi. Daga gindin sama zuwa saitin kai dunƙule tara ne. Idan tauraron ya zo kusa da saitin kanka, ƙirga sakan nawa ya yi kafin ya ratsa dunƙule ɗaya. ISS, mai gudun kusan kilomita 28,000 a awa, takan yi sakan tara zuwa goma. Abin da ke kilomita 550 yakan yi kusan sha uku, na kilomita 800 kuwa ya doshi sha tara. Duk wanda ya fi nawa ya fi nisa. Da wannan kaɗai ɗan makarantar sakandare zai iya ce maka wancan ya kai nisan Funtuwa zuwa Legas a tsaye, kuma bai yi ƙarya ba.

Ainihin sana'ar kuwa tana ga kama lokaci. Abin da ke cin kilomita bakwai da rabi a kowane sakan, kuskuren kashi ɗaya cikin goma na sakan ya gusar da shi mita 750. Wanda ya ce ya gan shi "bayan Magariba kaɗan" bai faɗi komai ba. Wanda ya ce ya gan shi ƙarfe kaza da minti kaza da sakan kaza, yana ratsa tsakanin tauraro kaza da tauraro kaza, daga wuri kaza, ya kafa turke ɗaya a sararin sama wanda masanin lissafi a ko'ina cikin duniya zai iya ɗaure hanyar tauraron a jikinsa.

Ke nan sai ka san taurarin Allah kafin ka bi na ɗan Adam, domin su ne duwatsun kan iyaka. A nan manomin ƙasarmu ba baƙo ba ne. Tsofaffin da ke lissafin damina da Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa da Jabha suna aiki ne da masaukan wata 28, kowane da kwana 13, in ban da Jabha mai 14, jimla kwana 365. Ƙasar Katsina kuwa ita ta haifi Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, masanin hisabi da taurari da ya rasu a Alƙahira wajen 1741. Ba ina cewa wannan ilmi da wancan abu ɗaya ba ne, kuma na gaji da masu son mayar da kowace fasahar zamani gadon kakanninmu. Abin da nake cewa ƙarami ne: wanda ya riga ya san Kaza da 'ya'yanta, ya san Dabaran da ke biye da ita, ya gama rabin wahalar. A watan Nuwamba, bayan Magariba, akwai manyan taurari huɗu masu siffar fili mai kusurwa huɗu kusa da saitin kai, kowane gefe ya fi dunƙule ɗaya. Biyun yamma su ne Fargul Muƙaddam, biyun gabas Fargul Mu'ahhar, Turawa kuma suna kiran filin da sunan Pegasus. Ban san wurin koyo da ya fi shi ba, domin duk abin da ya shiga filin sai ya tsallake layi biyu, shiga da fita.

Ga yadda ake yi. Tun da rana ka duba hasashen wucewa, a shafin Heavens-Above ko a manhajar Stellarium, ka ga ta inda tauraron zai bi. Ka zaɓi taurari biyu da hanyar za ta ratsa tsakaninsu, ka zana su a littafi. Idan da madubin hangen nesa mai ido biyu, irin mai lamba 7×50, zaɓi biyu da ke kusa da juna ƙwarai, domin gajeren layi ya fi dogo gaskiya. Minti biyar kafin lokaci ka samu wuri ka jingina, ka nemo taurarinka, ka tsaya a kansu. Kada ka bi tauraron da ido tun daga nesa, wannan shi ne jarabar sabon shiga. Mafarauci a bakin mashaya yake jira. Da zarar ɗigon ya taɓa layin da ka ƙudurta tsakanin taurarin biyu, ka danna agogon ƙidayar sakan ya fara tafiya, a take kuma ka riƙe a zuciyarka inda ya yanka layin: tsakiya ne, ko kashi uku cikin goma daga na arewa, ko kashi bakwai. Ka rubuta wannan tun kafin ka yi wa kowa magana, domin zuciya tana gyara abin da ido ya gani cikin 'yan mintoci.

Agogon yana can yana tafiya. Sai ka je ga agogon da ka amince da shi, ka jira cikar wani minti, ka tsayar da naka daidai kansa. Misali, ka tsayar ƙarfe 6:55 daidai, ka ga ya nuna minti 4 da sakan 12.6. Ka ɗebe wannan daga wancan, ka samu 6:50 da sakan 47.4. Ka sake ɗebe awa ɗaya, domin agogon Nijeriya yana gaban agogon GMT da awa guda, masu wannan aiki kuma a GMT suke rubutu: 17:50:47.4.

Agogon da za a amince da shi shi ne matsala. Na fuskar waya yakan kauce da sakan ɗaya ko fiye ba tare da mai ita ya sani ba. Masu wannan sana'a na da can rediyo suke bi, irin ƙarar nan shida da BBC ke bugawa a kan awa, wadda ta ƙarshenta mai tsawo ita ce farkon awar. A gajeren zango tana da amfani har yau, amma wadda ta biyo ta intanet takan makara da sakanni masu yawa, ba ta da wata fa'ida a nan. Mafi sauƙi a yanzu ita ce manhajar da ke karanta lokaci kai tsaye daga taurarin GPS, abin daɗin kuma ba ta bukatar sabis ko data. Saura jinkirin yatsa. Tsakanin gani da dannawa akwai kamar kashi biyu zuwa uku cikin goma na sakan ga yawancin mutane. Idan ka fara da ido ka tsayar da ido, jinkirin farko da na ƙarshe sukan kusan cinye juna, wannan ne ma hikimar tsayar da agogon a kan wani agogo maimakon leƙa lokaci kawai.

Abin da ake rubutawa bai wuce layi ɗaya ba: kwanan wata, lokaci, taurarin biyu, inda aka yanka, wurin da ka tsaya, da yadda kake jin ingancin ganin naka. Wanda ya taɓa ganin yadda ake tantance shaidar ganin jinjirin watan Ramadan kafin a kai wa Sarkin Musulmi ya san tambayoyin: ina kake, ƙarfe nawa, ta wane ɓangare, wa ke tare da kai. Ganin da ka yi shakka a kansa, rubuta cewa ka yi shakka. Ya fi a ƙawata shi.

Wannan aiki ya girmi tauraron ɗan Adam na farko. A 1956 Fred Whipple, shugaban cibiyar nazarin taurari ta Smithsonian a Amurka, ya kafa shirin Moonwatch, ya tara malaman makaranta, ɗalibai, matan aure da 'yan fansho, aka koya musu zama a jere da ƙananan madubai suna gadin layin kudu da arewa. Da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik ranar 4 ga Oktoba, 1957, manyan kyamarorin ƙwararru ba su gama shiri ba, sai ga 'yan sa-kai su ne ke kawo rahoto. Yawancin waɗanda suka rantse sun ga Sputnik da ido ma gangar rokar da ta kai shi suka gani, domin shi kansa faɗinsa santimita 58 ne kawai. Shirin ya ci gaba har 1975. A Ingila kuma Desmond King-Hele ya shafe shekaru yana amfani da irin waɗannan rahotanni wajen nazarin iskar can ƙololuwa da yadda nauyin duniya ya rarrabu.

Mu ma muna cikin labarin, ko da yake ba da ido ba. Hukumar NASA ta kafa tashar bibiya a Kano domin shirin Mercury, aka ci gaba da amfani da ita a shirin Gemini. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau uku a kumbon Friendship 7, ya yi magana da Kano, ya ce yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa. Duk Bahaushe ya san abin da ya gani a watan Fabrairu. Hazon da ke hana mu ganinsu daga ƙasa shi ne ya tare masa mu daga sama.

Mai karatu na iya cewa zamanin rada da kwamfuta ya shafe bukatar ɗan sa-kai da agogonsa. Ga yawancin taurari haka ne. Amma tun farkon shekarun 1980 Amurka ta daina wallafa hanyoyin taurarinta na leƙen asiri, sai wasu 'yan tsirarun mutane, irin su Ted Molczan a Toronto, Russell Eberst a Edinburgh, Greg Roberts a Cape Town da Marco Langbroek a Leiden, suka ci gaba da gano su suna lissafa hanyoyinsu da kansu. A watan Mayun 2010 irinsu ne suka gano kumbon sirri na X-37B, makonni kaɗan bayan harba shi. A watan Agustan 2019, da Donald Trump ya wallafa hoton wani dandalin harba roka na Iran, cikin ɗan lokaci suka nuna cewa tauraron USA 224 ne ya ɗauke shi, saboda sun san inda yake a wannan sa'ar. Dubi garuruwan nan da kyau: duk suna nesa da tsakiyar duniya. Tauraron da hanyarsa ba ta karkata sosai ba, ba ya leƙa samansu. Madubin Hubble, wanda hanyarsa ta karkata digiri 28 da rabi, mutumin Edinburgh ba zai taɓa ganinsa daga ƙofar gidansa ba, mu kuwa ta saitin kanmu yake bi. Wurin zamanmu kansa jari ne a wannan fage, kuma yana nan kwance ba mai juya shi.

Gwajin da na fi so na mutum biyu ne. Tsakanin Funtuwa da Malumfashi akwai kimanin kilomita 44 a miƙe, layin kuma ya nufi arewa maso gabas. Hanyar ISS ta karkata digiri 51.6, saboda haka a samanmu fuska biyu gare ta: ko ta taso daga kudu maso yamma ta nufi arewa maso gabas, ko ta gangaro daga arewa maso yamma ta nufi kudu maso gabas. A fuskar farko kusan bin layin garuruwan biyu take yi, sai ta wuce kan Funtuwa, bayan kamar sakan shida ta wuce kan Malumfashi. A ta biyu gicciye layin take yi, a nan ne abin mamakin yake. Mutumin Funtuwa da na Malumfashi suna kallon abu ɗaya a sakan ɗaya, amma ba a gaban taurari ɗaya ba. Ɗaga yatsa a gaban fuskarka, ka rufe ido ɗaya, ka sauya: yatsan ya yi tsalle. Garuruwan biyu su ne idanun.

Ni da wani abokina malamin lissafi da ke koyarwa a Malumfashi mun yi wannan a kaka fiye da ɗaya. Kowa ya zana hanyar da ya gani a kan taswirar taurari iri ɗaya, mu haɗu ranar kasuwa mu ɗora takarda kan takarda. Layuka biyu ne ke fitowa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, tazararsu ta ɗan wuce rabin dunƙule, wajen digiri shida, wato faɗin wata sau goma sha biyu. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji uku ba: ninka kilomita 44 sau 57, ka raba da digirin da ka samu. Shida ta ba da 418. In hannu ya karkace ka karanta biyar da rabi, ka samu 456, in shida da rabi, 386. Duk amsar da muka taɓa samu cikin wannan tazara ta faɗa. Abokina ya ce ɗalibansa da suka haddace dokokin alwatika shekara biyu ba su yarda dokokin suna magana a kan wani abu na zahiri ba sai ranar da suka auna tsawon tashar da fensir.

Amfanin littafin rubutu ya fito fili a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Funtuwa, Bakori da Malumfashi, na tsawon watanni. Manhajojin hasashe suna dogara ne da wasu layukan lambobi da ake sabuntawa ta intanet, in suka kwana biyu ba sabuntawa sai su fara kauce wa gaskiya, musamman ga ISS da akan tura sama lokaci lokaci domin iska tana jan ta ƙasa. Sai muka koma ga lissafin hannu. Tashar tana kewaya duniya cikin kusan minti 93. Kafin ta gama kewaye ɗaya duniya ta juya ƙarƙashinta fiye da digiri 23, saboda haka wadda ta bi ta kan Funtuwa yanzu, zagayenta na gaba can wajen Bissau zai bi, a bakin teku. Kewaye 15 kuwa awa 23 ne da minti 13, hanyar kuma takan faɗo kimanin kilomita 650 gabas da ta jiya. Ma'ana, in yau ka gan ta ƙarfe 7:20 a tsakiyar samaniyar yamma, gobe ka jira ta wajen 6:33 kusa da saitin kanka. Ranar da na faɗi haka a majalisa, washegari ta fito a kan lokaci, wani dattijo ya dube ni ya ce, "Malam, in dai kana iya sa mata lokaci, to ba ta zo don mu ba." Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan gajarta ba.

Akwai wani reshe na aikin da ba ya bukatar sanin tauraro ko ɗaya. Wasu ɗigogin sukan yi haske su dushe, su sake yi, a kan tsari. Galibi gangunan rokoki ne da aka gama da su, suna wuntsila gudidi, ko taurarin da suka mutu. Fara agogo a kan walƙiya ɗaya ka kira ta sifili, ba ɗaya ba, ka ƙirga har ashirin ka tsayar. In ya nuna sakan 68, to kowace walƙiya sakan 3.4 ce. Bi gangar nan watanni, za ka ga tazarar tana ƙaruwa, saboda maganaɗisun duniya yana taka wa ƙarfen birki a hankali. In ta yi sauri farat ɗaya, ana zargin ragowar mai ne ya sami kafar fita. Wata ƙungiyar 'yan sa-kai a Beljiyam ta tara irin waɗannan ƙirge-ƙirge na gomman shekaru.

Akan tambaye ni ko ana ganin namu. NigeriaSat-1, da aka harba a watan Satumban 2003 daga Plesetsk ta Rasha, da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X na watan Agustan 2011, ƙanana ne a nisan kusan kilomita 700, ido tsirara ba ya kama su. Plesetsk ɗin ma, malamin makaranta Geoffrey Perry da ɗalibansa na Kettering a Ingila ne suka tona asirin wanzuwarta a 1966, ta hanyar sauraron rediyo da lissafi. NigComSat-1R kuwa, na watan Disamban 2011, yana can nisan kilomita 35,786, inda kewayensa ya yi daidai da juyawar duniya, sai ya zama kamar an kafe shi wuri ɗaya a gabas. Masu saita farantin satalayit a kan rufin kwano irinsa suke nema kullum, da kunne a kan ƙarar na'ura, kuma ba su san cewa su ne masu bibiyar taurarin ɗan Adam mafi yawa a garin ba.

Asuba ta fi yamma kyau ga wannan aiki, domin ƙura ta kwanta, hayaƙin girki da na ƙona kara ya baje, janaretoci sun yi shiru. Amma ba zan shawarci kowa a ƙauyukanmu ya fita bayan gari da duhun asuba yana riƙe da madubin hangen nesa ba. Mutanen Unguwar Mantau ta Malumfashi a masallaci aka riske su, suna sallar Asuba, a watan Agustan 2025. Ban da 'yan bindiga ma, mai madubi da littafi yana kallon sama a bakin daji sai ya yi dogon bayani kafin 'yan sintiri su gamsu. A tsakar gida ake yi, ko a kan soro, a kuma sanar da maƙwabta da mai unguwa tun da wuri, in da hali a miƙa musu madubin su leƙa.

Lokacin aikin gajere ne. Daga tsakiyar Oktoba, da gizagizai suka janye, zuwa ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, sama takan yi tas, daidai lokacin da ake cirar auduga da girbin dawa, jiki ya gaji amma dare ya yi sanyi mai daɗi. Da hazo ya sauka, ƙananan taurarin da ake kafa layi da su su ne ke fara ɓacewa, daga gindin sama zuwa sama, har ya rage sai Zara da 'yan manya. A irin waɗannan darare ISS da tashar Tiangong ta Sin kaɗai ke huda ƙurar, su ma sai sun haura dunƙule uku ko huɗu. Sai kuma bayan ruwan farko ya wanke sama, a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, a samu wasu 'yan darare tsakanin hadari da hadari.